Ƙasar Ɗakin Iya

Kwanan baya ina neman wata takarda a akwatin tsofaffin littattafaina, sai hannuna ya kai kan wani littafin rubutu da bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, yana warin danshi. A shafin tsakiya na jera kalmomin Turanci, goma sha ɗaya in ban yi kuskuren ƙirga ba, dukkansu suna nufin sake gina abu ko maido da shi yadda yake. Malaminmu ne ya ce mu haddace su saboda jarrabawa, lokacin ina aji uku na sakandare. Na daɗe riƙe da littafin. Ba zan ce maka na ji baƙin ciki ba, na dai tuna.

Gidanmu a Hayin Banki yake. Ɗakin farko da aka gina a cikinsa na ƙasa ne, kakana ya gina shi da hannunsa bayan ya taso daga ƙasar Katsina. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni. Matarsa, kakata da kowa ke kira Iya, ita ke kwana a ɗakin. Ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi kamar an ajiye ka kusa da randa. Akwai shatin yatsu a jikin yaɓen, Iya ta ce nasa ne. Wataƙila nasa ne, wataƙila na wani magini, ban taɓa samun wanda zan tambaya ba.

A damunar shekarar da na rubuta kalmomin nan aka kwana uku ana ruwa, bangon gabas ya jiƙe ya zube bayan azahar, Iya tana madafa. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Ƙasar ta taru a tsakar gida, ja jawur, ta kai ƙuguna.

Bayan la'asar aka zauna shawara. Babana kanikanci yake yi a wani gareji a Kurmin Mashi, ƙanensa kuwa, baffana, akawu ne a ofis, kuma yana son a san haka.

"Yaya, wannan ya wuce rinobeshan," in ji baffa. "Rikonstirakshan za a yi. A rushe sauran, a sa bulo."

Baba ya ce, "Mu dai a gareji obahol muka sani. A sauke inji, a wanke, a mayar masa da kayansa."

"In kun gama yaren naku ku faɗa mini da Hausa," in ji Iya. Sai ta juyo gare ni da wasan da kaka ke yi wa jikanta. "Kai maigida, ba kai ne ɗan boko ba? Me suke cewa?"

Na ɗauko littafin na karanta mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ina fassarawa gwargwadon iyawata. Wannan sabuntawa ce, wannan gyaran fuska, wannan a rushe a ɗora sabo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To wacce ce ta a jiƙa ƙasar da ta faɗi, a taka ta, a mayar da ita inda take?" Na ce ina jin ta huɗun ce, ko kuma ta bakwai, sai na duba ƙamus. Ta yi dariya ta ce, "Miji ke nan, kalma goma sha ɗaya, babu tawa ko ɗaya."

Abin da ban sani ba a lokacin, maginan ƙasa ba sa zubar da tsohon bango. Sukan ce ƙasarsa ta fi sabuwa ƙarfi, domin ta riga ta kwanta. Sai ruwa ya ɗauke a farfasa ta, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a cuɗa da ƙafa, a sake yin tubali. Ashe Baba ya yi wa Iya alkawarin haka za a yi, su biyu a ɗaki. Ba a faɗa wa yara irin wannan magana. Ni kuwa na ɗauka ta baffa ce ta ci, don a sanina mai Turanci ba ya faɗuwa a shawara.

Wata Juma'a manyan gidan duka suka tafi ta'aziyya Abakpa, aka bar ni da ƙannena. Washegari Asabar ɗin tsabta ce, ranar da duba-gari ke zagaya gidaje, kuma tun ranar Litinin tulin ƙasar nan ke damuna, ina ganin za su ce shara muka tara. Sai ga mutanen layinmu da baro biyu da shebur, suna neman abin cike wani kwari da ruwa ke kwanciya a bakin layi. Na nuna musu tulin. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni har sau biyu, "Yaro, ka tabbata an ce a kwashe?" Na ce ai bulo za a sa. Kafin la'asar sun gama. Na ɗauki tsintsiya na share wurin tas, ina jiran yabo.

Da suka dawo, Iya ta tsaya a tsakar gida da mayafinta, tana kallon inda tulin yake a da. Sannan ta ce, "Ka share da kyau." Baba ya ɗaga hannu zai mare ni, ta ce, "Bar shi." Ta fita bakin layi muna biye da ita. Kekuna da babura sun riga sun bi ta kan ƙasar, ruwan kwatar gidaje uku yana ratsa ta. Baba ya ce da sassafe zai sa a haƙo a dawo da ita.

"Ta sha kwata," in ji Iya. "Ba zan yi salla a cikinta ba."

Iyakar maganar ke nan. Aka yi ɗakin bulo da rufin kwano, ta zauna a ciki shekara huɗu, ko biyar, har Allah ya yi mata rasuwa. Da rana takan fito da tabarmarta gindin bango saboda zafi. Ba ta daina kirana maigida ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Na sha shirya maganar a raina, sai in ga kamar tayar da ita zai fi yin shiru muni. Abu ɗaya na lura da shi: in za ta fita unguwa, da ta iso bakin layi sai ta raɓa ta jikin katanga, ko da kuwa akwai taɓo a wajen.

Yanzu, iyakar sanina, ba mai gini da ƙasa a unguwar. In an rushe gida tifa ke zuwa ta kwashe, ba mai tambayar inda za a kai. An zuba wa layinmu kankare tun da daɗewa, ƙanena ne a gidan da iyalinsa. Duk lokacin da na kai yarana ziyara nakan ajiye mota a titi mu ƙarasa da ƙafa, ni ina bin gefe. Babbar 'yata ta taɓa tambayata dalili. Na ce mata layin ya yi ƙunci. Kuma gaskiya ne, yana da ƙunci.