Bidiyon Wutawuta da Dattawan da Suka Raka Ni Aji

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, mu uku, a tsohuwar motar abokina malamin lissafi, wadda sai an lallashe ta take tashi. Na ukunmu malamin labarin ƙasa ne, ya kame a baya rungume da jakar wayoyin caji kamar mai goyon jinjiri. Ni kimiyya nake koyarwa a sakandare, kuma na jima ina zagaya makarantu ina nuna wa 'yan'uwana malamai shafukan intanet da manhajojin da ake samu kyauta don koyarwa. Ba wanda ya aike mu, mu muka ɗora wa kanmu. Tsarinmu shi ne mu fara da Ikara, mu dawo ta Makarfi, mu ƙare a wani ƙauye kusa da Likoro a ƙasar Kudan.

Wannan zango na ƙarshe shi ya fito da ni. Akwai wata tsohuwar ɗalibata, Malama Rabi, da ke koyar da 'yan aji biyar a firamaren ƙauyen. Ita ce ta kira ni ta ba ni labari. Wata rana tana nuna wa yara bidiyon yadda hadari ke haɗuwa, kai tsaye daga intanet, yana ƙarewa sai talla ta faɗo da kiɗa da raye-raye kafin hannunta ya kai ga wayar. Yara suka kwashe da dariya, suka tafi gida suna rera waƙar. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Malama kiɗa take kunna wa yara a aji. Kwamitin iyaye ya sa ranar zama don a hana shiga aji da waya, kuma a nemi a canza mata makaranta. In aka kai ta nesa ajiye aikin za ta yi, domin ita kaɗai ke jinyar mahaifiyarta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ina nan zuwa ranar zaman.

A Tashar Yari muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance tun zuwana na bara, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Daga nan hanya ta miƙa tsakanin gonaki. Ƙarshen damina ne, an fara karyar masara, dawa ta fitar da kai, rake ya yi duhu a fadamu. Kwalta tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma ramuka sun yi mata yawa har malamin lissafi ya daina kauce musu, ya koma zaɓen wanda ya fi sauƙi ya faɗa.

Mun iske Ikara ta cika da hayaniyar safe, 'yan acaba na kutsawa tsakanin motocin haya, ma'aikata na sauri zuwa ofis. A wata makaranta malamai suka taru mana a aji ɗaya. Na nuna musu shafin da yaro zai ja yankin da'ira da yatsa ya ga yadda rabi da kwata ke haɗuwa, da wani mai ɗauke da littattafan labarai na Hausa da ake saukewa a waya, da manhajar da ke taya malami tsara tambayoyin gwaji. Na san aikina a nan, ban kuma ji kunya ba. Malamin da ya shigo yana hamma shi ya ƙare yana roƙon a ƙara lokaci.

Wani malami mai furfura ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka ce duk kyauta ne. To su masu abin, me suke ci?"

Na ji daɗin tambayar. Na ce masa wasu shafukan masu son ilimi ne ke ɗaukar nauyinsu, wasu kuwa da talla suke ci, kuma su ba ruwansu da ko a gaban yara kake ko a gaban surukinka. Don haka na ba su ƙa'idar da nake bi: ka sauke abin a wayarka tun a gida, ka kalle shi har ƙarshe, sannan ka kashe data kafin ka taka ƙofar aji. Ban ambaci Malama Rabi ba, amma ita ce a raina. Aka kawo mana tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, muka ci har malamin lissafi ya sassauta bel.

A hanyar dawowa malamin labarin ƙasa ya rantse taswirar wayarsa ta gano mana yanke zuwa Dandamisa, wani gari a ƙasar Makarfi inda malamai ke jiranmu. Muka bi ta, kwalta ta ƙare, muka shiga burji, burji ya ƙare a bakin wani rafi da ya cika ya batse. A taswirar kuwa hanya na nan miƙe kamar ba a taɓa yin ruwan sama ba. Muka juyo da baya-baya, muka koma kwalta.

Malaman Dandamisa sun burge ni. Sabis a wurinsu sai ya ga dama, saboda haka ranar kasuwar Makarfi ɗaya daga cikinsu ke tafiya da saƙon kowa, ya sauke duk abin da ake bukata, ya dawo ya tura wa sauran daga waya zuwa waya ba tare da an ƙona data ba. Suna yin abin ne bi da bi, kamar yadda ake gayya a gona. Na ƙara musu da shafuka kaɗan, na kuma ce zan kai wannan dabara tasu duk inda na je.

Da yamma muka shiga Makarfi. Garin nan ko ba ka son zaƙi sai ka sha rake, ga mazarƙwaila an jera ta faifai-faifai a bakin hanya. Abokaina suka shiga ciniki, ni kuma na samu benci a shagon mai cajin waya inda sabis ke da ƙarfi. Malama Rabi ta riga ta gaya mini abin da take so. Ba ta nemi bidiyon taurari ko na teku ba. Ta ce in samo mata na wutawuta, ciyawar nan mai jan fure da ke kashe dawa da masara, domin bana ta addabi gonakin garinsu. Na lalubo wani gajere a shafin masu koyar da aikin gona, na sauke shi, na kashe data, na kalle shi daga farko har ya tsaya da kansa. Muka kwana a gidan wani abokin karatuna.

Washegari da hantsi muka isa ƙauyen. Malamin labarin ƙasa ya sauka a makaranta don ya tura wa Malama Rabi bidiyon, ya kuma roƙi hedimasta ya bari a yi darasin ko da sau ɗaya ne. Mu biyu muka wuce zauren mai unguwa, domin ba a shiga gari a fara da wani wuri. Muka iske shi da dattawa, cikinsu har da shugaban kwamitin iyaye, wani dogon manomi da ake kira Baba Sale. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi hanya, da iyali, da damina, da mutanen Zariya, aka sake komawa kan iyali. Aka kawo fura da nono mai sanyi.

Tun daga Ikara nake shirya jawabin da zan yi, kuma na tabbata in aka bar ni na yi shi ba mai iya ture shi. Ina buɗe baki na ambaci makaranta, sai Baba Sale ya ɗaga hannu a hankali.

"Malam, ka sha hanya, sha furarka. Maganar makaranta maganar gari ce. Za mu yi ta mu ya mu bayan la'asar."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma na san bai yi mini rashin mutunci ba, haka abin yake, baƙo ba ya tsoma baki a shari'ar gari. Na shanye furata ina tunani. Sai na tuna cewa al'adar da ta rufe mini baki ta kuma ba ni wani haƙƙi.

Na ce, "Baba, to ina so in leƙa ajin ɗalibata kafin in wuce, ga shi ban san hanya ba."

Daga inda muke zaune ana hango rufin makarantar. Kowa a zauren ya san haka. Amma a irin waɗannan garuruwa ba a nuna wa baƙo hanya da yatsa, raka shi ake yi. Baba Sale ya dube ni ya daɗe, gefen bakinsa ya ɗan motsa, sannan ya jawo takalmansa. Da ya miƙe, sauran dattawan ma suka miƙe.

Malama Rabi ta durƙusa ta gaishe su a bakin ƙofa, hedimasta ya sa aka ba su bencin baya. Ta ɗauki alli, tana fara magana na ga Rabin da na sani. Ta ɗaga karan dawa da ta tumɓuko da saiwarsa, wutawuta na manne a gindinsa. Ta tambayi yara sunan ciyawar, aji ya amsa baki ɗaya. Ta ce to da wane baki take shan dawa? Yara suka dubi juna.

Sai ta fito da wayar. Ta kashe muryar Baturen da ke bayani, ita ta riƙa yi da Hausa. Yara na zuwa layi-layi suna kewaye teburinta. A bidiyon ana ganin ƙwayar irin wutawuta, wadda ba ta kai ƙwayar yashi ba, kwance cikin ƙasa. Saiwar dawa na matsowa kusa sai ta farka, ta miƙo wani siririn zare, ta liƙe a jikin saiwar ta fara tsotso, tun ba a ga ko ganyenta a sama ba. Duk layin da ya gama kallo sai ta sa yatsa ta tsayar da bidiyon, ta kira na gaba. Wata yarinya ta ce ashe shi ya sa dawar babanta ke yin ja tun ciyawar ba ta fito ba.

Ina lura da Baba Sale. Ya fara daga bencin baya, ya dawo na tsakiya, can sai ga shi tsaye a bayan layin ƙarshe yana leƙe ta saman kawunan yara. Da suka koma mazauninsu sai ya ce, "Malama, sake kunna shi. Amma wannan karon kada ki taɓa shi. Bar shi ya ƙare da kansa."

Ashe ya lura da yatsan nan. Ba wutawuta kaɗai ya zo gani ba, yana so ya ga abin da ke biyo bayanta. Ta kunna, ta ajiye wayar a tebur, ta ja da baya ta harɗe hannuwa. Dattawa suka matso. Na san abin da ke cikin wayar sarai, amma duk da haka sai da ni ma na matso. Zaren ya fito, ya kama saiwa, ciyawar ta tsiro ta yi fure, hoton ya tsaya cak. Baba Sale bai ɗauke ido ba. Ya jira, ya ƙara jira, har wani yaro ya yi tari. Ba abin da ya biyo baya.

Ya ce, "To waccan waƙar, daga ina ta shigo?"

Ta russuna ta ce, "Baba, ranar a buɗe na bar hanyar intanet, masu talla suka shigo. Yanzu sai na ɗebo abin na adana, na duba shi, na rufe hanyar, sannan in kawo wa yara."

Ya jinjina kai, ya ɗauki karan dawar ya juya saiwar a tafin hannunsa. Ya ce tun yana yaro ya san wutawuta ta ƙasa take sha, amma bai taɓa ganin bakinta ba sai yau. Ya mayar da karan kan tebur. Dattawan suka raka mu har mota, aka cika mana but da ɗanyar masara, aka yi mana addu'ar sauka lafiya.

Mun shigo Zariya bayan azahar, motar ta kawo mu gida ba tare da an tura ta ba, abin da malamin lissafi ya ce a rubuta a tarihi. Na zauna a tsakar gida wayata a gefe ina jiran labarin zaman la'asar. Tafiyar nan ta ƙara mini tabbaci cewa kayan koyarwa na kyauta suna da amfani ƙwarai, har a ajin da ba wuta ba fanka, muddin malami ya tace su kafin su isa gaban yara. Ta kuma nuna mini cewa iyayen ƙauye ba ilimi suke gudu ba. Suna so ne su ga abin da ake zuba wa 'ya'yansu da idonsu, kuma suna da gaskiya. Jawabin da na shirya har yanzu yana cikina, ba a bukace shi ba.

Bayan magariba Malama Rabi ta kira. Kwamiti ya janye maganar canza mata makaranta. Waya za ta ci gaba da shiga aji, da sharaɗin hedimasta ya kalli kowane bidiyo har ƙarshe tukuna. Baba Sale kuma ya ce a kawo na wutawuta ƙofar mai unguwa bayan sallar Juma'a, domin waɗanda ba su gani ba sun ƙi yarda cewa ciyawa na da baki. Muna cikin magana na jiyo muryar tsohuwarta daga can cikin ɗaki, a raunane, tana tambayar me aka yanke.

Malama Rabi ta ɗan janye wayar daga bakinta ta ce, "An ce in zauna, Inna. Ba inda za ni."