Ranar da Baba Ya Haɗa Yazawa da Madara

Jiya a kasuwar Utako na wuce wata mata da tiren yazawa, ƙamshin nan mai ɗan ƙarni ya bugi hancina, sai na ji bakina ya cika da ɗanɗanon jini. Ban saya ba. Tsayawa kawai na yi kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta.

Ina 'yar firamare aka kwaso ma'aikata daga Legas zuwa Abuja, har da Baba. Bai samu gida a cikin gari ba, sai muka kama haya a Kuje, mu da Umma da Kaka, mahaifiyarsa. Ba mu daɗe ba ƙyanda ta kwantar da ni. Na tashi, amma Kaka ta kafa doka: ba ni ba duk wani abu mai tsami, wai tsami yana mayar da ƙyandar cikin jiki. Lemo, tsamiya, yakuwa, har tumatir, duk aka ɗauke. Watanni ina kan kunu, burodi da madarar gwangwani. A gidanmu kuwa in Kaka ta yanke magana, ko kaza ba ta ƙara kuka.

Zuwa bazara dasashina ya kumbura, in na ciji burodi sai in ga ja a jiki. Ƙafafuna suka riƙa ciwo har na koma jan gindi. Wani ɗan ƙurji a gwiwata ya ƙi warkewa. Tsoro nake ji sosai, don na ga Umma tana juya baya ta share ido in ta gama yi mini wanka.

Baba ya goya ni zuwa asibitin garin. Nas ta buɗe bakina, ta tambayi abin da nake ci. Ta ce bitamin C ne ya ƙare a jikina, shi ke riƙe dasashi, shi ke sa miki ya haɗe, kuma jiki ba ya ajiye shi, sai ana ci kullum. Ta ce lemo ya yi wuya a wannan lokaci, amma ga yazawa nan tana zuba a ƙasa kyauta. A matse mini ruwanta, kada kuma a yanke madarar, tunda ita kaɗai nake iya haɗiya.

To, ka san abin da duk muka tashi da shi: wanda ya sha yazawa ya bi da madara, sai gawarsa. Ba wanda ya taɓa ganin gawar, amma kowa ya san wanda ya san wani.

Maƙwabciyarmu 'yar Gbagyi ta kawo yazawa cike da kwano daga gonarsu. "Oga, ka ba yarinya, zai tashi," ta ce wa Baba da 'yar Hausarta. Kaka ta tare ƙofar ɗakin da nake kwance, ta ware hannuwa.

"Da safen nan ta sha madara. Sai dai ku tsallake ni."

Baba ɗan fari ne. Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, shi kuma bai taɓa musa mata ba. Ya shiga ɗaki wajen Umma, ya ɗan jima. Da ya fito, ya fasa gwangwanin madara ya kafa kai, sannan ya ɗauki yazawa ya tsotse, ya ƙara wata.

"Inna, ki yi haƙuri. In na kai la'asar, a ba ta."

Kaka ta saki salati. Matar da ko gaisuwarsa a takaice take amsawa, ita ce ta damƙe wuyan hannunsa, ta kira sunansa da ƙarfi. Ranar na fara jin sunan a bakinta. Suka zauna a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, rana tana dukan kwanon rufin, gumi yana bin wuyansa. In ya yi gyatsa, Umma ta miƙe tsaye. In ya rufe ido, Kaka ta girgiza shi. Ni ina leƙe daga ƙasan labule, ina roƙon Allah kada ubana ya mutu saboda bakina.

Aka kira la'asar. Baba ya tashi ya yi alwala. Kaka ba ta ce ta yarda ba, ta dai jawo kwanon, ta matse yazawar da hannunta, ta ɗura mini. Ruwan ya ƙona mini dasashi kamar barkono. Ba a yi nisa ba jinin ya tsaya, kafin ruwan farko na koma makaranta da ƙafata.

Yanzu 'ya'yana suna markaɗa kayan itace da madara a inji su shanye, in na ba su labarin sai dariya. Ni ma na daɗe ina ɗauka Baba ya san camfi ne, boko ya ba shi ƙarfin zuciya. Sai bayan rasuwarsa na tambayi Umma abin da ya tsayar da shi a ɗaki ran nan.

Ta ce, "Gafarata ya nema. Ya ce in abin ya tabbata, in riƙe masa ku da Inna."