Zaren Kitso a Yatsan Karena

Ni da yayata mun yi faɗa iri-iri tun muna yara a Kaduna, a kan ɗankwali, a kan ƙanzon tuwo, a kan wadda za ta je ɗebo ruwa. Amma ban taɓa zaton sai mun yi furfura a Amurka za mu yi wata biyu cur ba ma magana a kan yatsan kare ba. Kuma har yau da nake rubuta wannan ban ga laifina ba, ko kaɗan.

Karen nawa ne. Na ɗauko shi shekarar da maigidana ya rasu, lokacin da gidanmu na Largo, a jihar Maryland, ya yi mini shiru har nakan kunna rediyo in bar shi yana ta surutu shi kaɗai. Irin karnukan tseren nan ne da ake ce wa greyhound, ya gama zamaninsa na gudu aka nema masa gida. Dogo ne siriri, ciki a ɗame kamar karnukan mafarautan ƙauyenmu, sai dai a lalaci ban ga na biyunsa ba. Yini yake a kan kujerar falo, ƙafafu huɗu a sama. Ranar Asabar kaɗai yake tuna ko shi wane ne, idan na kai shi wani fili mai shinge a Greenbelt na kwance masa igiya. Kafin ka ce kwabo ya zagaye filin sau uku ya dawo yana haki, shi ke nan kuma sai wani makon.

A kowace ƙafarsa ta gaba, ta ciki, ɗan sama da sauran yatsun, akwai wani ƙaramin yatsa mai farce wanda ba ya taɓa ƙasa in yana tsaye. Shekara guda muna tare ban ko kula da shi ba. Sai wata Asabar bayan an yi ruwa, ya sha kwana a guje kusa da shinge, farcen na dama ya maƙale a wani abu ya tsage har tsoka. Ihun da ya yi, na zaci ƙafar ce ta karye. Jini kuwa kamar an yanka kaza. Ni nas ce, na fi shekara ashirin ina ganin jini, nan take na naɗe ƙafar da ɗankwalina na kai shi asibitin dabbobi.

Likitar dabbobi ta yanke abin da ya tsage, ta wanke ta sa bandeji, sannan ta zaunar da ni. Ta ce wasu masu irin karen nan sukan ce a cire yatsun biyu a huta, don farcen yana iya sake tsagewa. Amma ta ce in sani wannan ba yankan farce ba ne. Yatsan yana da ƙashi da jijiya, cire shi a jikin babban kare yanke gaɓa ne, sai an sa shi barci, kuma irinsu ba sa ɗaukar allurar barci da sauƙi kamar sauran karnuka, wasunsu ma jini ya yi ta zuba bayan an gama aiki. Ko dai a cire, ko kuma in riƙa rage masa farcen a kai a kai kada ya yi tsawo. Ban bari ta rufe baki ba na ce a bar masa kayansa.

Ina da dalilina, kuma likitar ta gan shi da na miƙa hannu na karɓi takardar magani, ta dai yi kamar ba ta gani ba. An haife ni da cindo a hannu biyu, wato yatsa na shida a gefen ƙaramin yatsa. A wurinmu idan aka haifi jariri da shi, tsohuwa takan ɗaure gindinsa da zare tamau, kwana kaɗan ya bushe ya faɗi kamar cibiya, a manta. Kakata ta ɗaure nawa suka ƙi faɗuwa, don nawa masu ƙashi ne. Suka kumbura, na yi ta tsala kuka har mahaifiyarmu ta warware zaren. Aka bar ni da su sai da na shekara bakwai, lokacin da gwaggonmu ta zo ta ce in yarinya ta girma da wannan abu wa zai ci tuwon hannunta. Aka kira wanzami. Yayata tana da shekara goma sha huɗu, ita aka sa ta matse ni tsakanin gwiwoyinta. Ya cire na hagu da aska, ciwon ya yi ruwa ya yi wari, na yi wata guda ban je makaranta ba. Da ya dawo don na dama, na gartsa wa yayata cizo a dantse har sai da na ji ɗanɗanon jini, na kuɓuce na haye mangwaron bayan coci na ƙi saukowa har rana ta yi sanyi. Babanmu ya ce a ƙyale ni. Shi ya sa yau yatsun hannuna goma sha ɗaya ne. Na hagun, inda babu komai sai tabo, shi ke yi mini zugi duk lokacin sanyin Maryland. Na daman bai taɓa damuna ba, sai dai in lanƙwasa shi tare da ƙaramin yatsa in tura a safar hannu a wurin aiki.

Yayata tana garin Manassas, a jihar da ke maƙwabtaka da tamu, a gidan babban ɗanta. Duk ƙarshen wata takan zo mini ranar Asabar ta kwana biyu, mu je coci tare, ta yi mini kitson zare irin na da, wanda ba na yarda kowa ya yi mini sai ita. Karen dai bai taɓa kwanta mata ba. Kullum sai ta ce kare a kan kujera, Auta kin zama Baturiya, amma na sha kama ta tana jefa masa nama a ɓoye. Da ta zo mako guda bayan raunin ta ga bandeji, na ba ta labari, sai ta sunkuya ta kama ɗaya ƙafar ta duba. Ta ce ai wannan cindo ne, me ake jira da shi. Na ce ba cindo ba ne, haka Allah ya yi kowane kare. Ta ce to Allah ya yi shi da shi, ya kuma yi mu da hankali. Na ce Yaya a bar maganar nan. Ta saki ƙafar, ni kuma da wautata na ɗauka ta bari.

Litinin ina da aikin safe. Na bar ta tana shan shayi, a kan cewa in na dawo zan kai ta tashar jirgin ƙasa. Da na dawo wajen ƙarfe uku da rabi karen bai tare ni a bakin ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba. Na same shi a lungun bayan kujera yana rawar jiki, an zura masa safata a ƙafar hagu, lafiyayyar, an ɗaure bakinta don kada ya cire. Da na zare safar sai na ga yatsan ya kumbura suntum, ya koma shuɗi-shuɗi, baƙin zare ya nutse a cikin naman. Ragowar zaren da ta yi mini kitso da shi jiya ne.

Ta kan karen na fara. Na ɗauko ɗan almakashin cire ɗinki daga jakata, na kwantar da karen na matse shi da gwiwoyina, ina lallaɓa bakin almakashin ƙarƙashin zaren shi kuma yana ihu. Ina cikin yi na lura da yadda na matse shi, raina ya ƙara ɓaci, don na san wannan matsewar. Ƙulli uku ta yi masa. Yayata ba ta wasa da zare.

Tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Auta, taimakonsa na yi. Kwana uku ya bushe ya faɗi, ba asibiti ba allura. Haka ake yi wa 'ya'yan mutane ma."

Na ɗaga hannuna na hagu na juya mata tabon. Na ce, "Haka aka yi wa nawa. Ya faɗi?"

Daga nan bakina ya buɗe. Na ce mata shekara hamsin ba ta koyi barin abin da ba nata ba. Na ce a gidan nan ba a ƙara cire wa kowa komai don wani ya ga bai yi masa kyan gani ba. Ta ce na sayar da 'yar'uwata a kan kare. Na ce karen bai taɓa danne ni an yanka ba. Wannan ta yi zafi, na sani, na ga yadda fuskarta ta faɗi, kuma ban janye ta ba. Na ɗauki karen na sa a mota, ita ma ta shiga da jakarta, na sauke ta a tashar Largo ba sallama na wuce.

Ga gosulon babban titin Beltway, ga kare yana nishi a baya, har na isa asibitin ina zage-zage ni kaɗai. Likitar ta duba ta tambayi wanda ya yi wannan aiki, fuskarta a murtuke. Abin mamaki, sai na ji kaina ina kare yayata. Na ce babbar yayata ce, haka ake yi wa jarirai a garinmu kuma sau da yawa yana yi, ba mugunta ba ce, rashin sanin ƙashi ne. Haushin yayata nawa ne, ban ga dalilin raba shi da wata ba. Likitar ta ce a jira kwana uku. In jini ya koma yatsan ya yi ɗumi, ya tsira. In ya yi baƙi, dole a yanke, wato abin da na ƙi tun farko zaren kitso zai sa a yi shi.

Kwana ukun nan, safe da yamma, nakan danna yatsan in saki in ga ko launin zai dawo, kamar yadda muke yi wa yatsun marasa lafiya. Ranar farko babu komai, sanyi ƙalau. Rana ta biyu na ji kamar ɗumi, ban yarda da hannuna ba na sa leɓe. Rana ta uku na danna ya yi fari, na saki ya koma ja a hankali. Na zauna daɓas a ƙasan kicin na yi kuka mai isata, karen yana kallona kamar bai san abin da ake yi ba. Farcen ya faɗi bayan mako biyu, sabo ya fito a karkace, har yau a karkace yake.

Ban kira ta ba, ita ma ba ta kira ba. Kitson ya tsufa a kaina na warware, na yi ta yawo da ɗankwali don na ƙi kai wa wata. Matan cocinmu suka sa baki, wata dattijuwa ta kira ni gefe ta ce haba 'yata, a kan kare? Na rusuna na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce e, Mama, a kan kare. Na yi kewar yayata, wannan ba zan ɓoye ba. Amma na san in na fara kira za ta ɗauka na yarda ɗan kuskure ne na tsohuwa, kuma wata rana za ta sake ganin wani abu da ya kamata a cire.

Wata Asabar na fito da karen za mu Greenbelt, sai na gan ta a bakin ƙofa da jakarta, ta biyo jirgi ita kaɗai. Na ce sannu da zuwa Yaya, ta ce yawwa. Ba wadda ta ba wata haƙuri. Ta buɗe gaban mota ta zauna kamar jiya muka rabu.

A filin na kwance igiya. Ya zabura, ya miƙe, ya zo kusurwa ya kwanta gefe guda kamar mai babur yana shan kwana, ƙasa tana tashi a bayansa. Da ya dawo na kama ƙafarsa ta hagu na ɗaga mata. Ƙaramin yatsan nan da ba ya taɓa ƙasa ya cika da laka, ɗanyar ciyawa ta maƙale a ƙarƙashin karkataccen farcen. Na ce ta gani da idonta, da shi yake kama ƙasa in zai juya. Na faɗa da ƙarfi, don wata biyu ina tanadin maganar.

Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta cire ciyawar. Sannan ta saki ƙafar karen ta kama hannuna na dama, ta juya shi, ta taɓa cindon da babban yatsanta. Hannun rigarta ya zame, na ga shatin haƙorana a dantsenta, ya yi fari amma yana nan.

Ta ce, "To shi na ga amfanin nasa. Ke naki fa, me yake yi miki?"

Na ce, "Ba ya yi mini komai, Yaya. Nawa ne."

Ba ta saki hannun ba sai da karen ya ja igiya. Da muka koma gida ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso. Da ta gama na karɓi ragowar zaren daga hannunta na sa a aljihuna.