Ranar da Bakin Ɗana Ya Yi Shuɗi

Bayan kaka Buzaye kan gangaro daga arewa da gishiri da dabino, su sauka bayan dangarmu, kusa da rijiyar da ke hanyar Birnin Lalle, su yi musaya da hatsi. Mazansu baki a rufe, matansu kuwa fuska a waje, suna zaune cikin maza ana ta hira da su. Lokacin ina goyon fari, kome na gani sai gabana ya faɗi. Yaron ya yi atishawa, ni da tuwo sai gobe. Ga shi ba dama in nuna, don a wurinmu uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa.

Wata rana da hantsi ina daka, Inna, uwar mijina, ta saɓa shi ta tafi auna wa Buzayen gero. Da ta maido shi na karɓa zan goya, sai na ga leɓɓansa shuɗi, harshe shuɗi, har dasashi. An taɓa faɗa mini haka bakin jariri ke yi in rai zai fita. Na ƙanƙame shi na fasa kuwwa.

"Wayyo ɗana! Inna, ɗana zai mutu!"

"Ke, ɗan wa?" in ji Inna. "A gabana? Yau kunya ta tafi kiwo ke nan."

Kuwwar ta jawo wata Buzuwa, matar babban baƙon. Ta buɗe bakin yaron da yatsa, ta leƙa, sai dariya har da zama ƙasa. Da guntuwar Hausarta ta ce mijinta ne ya ɗora shi a cinya, shi kuwa ya kama bakin rawanin turkuɗi yana ta tsotsa. Ta miƙo mini hannuwanta, su ma shuɗi har wuyan hannu. Ashe shunin tufafinsu zuba yake yi a jiki, kuma abin ado ne gare su.

"Mu sai mun ba da awaki muke samun wannan launi," ta ce. "Naki ya sha kyauta, kina kuka."

Inna ta karɓe jikanta tana yi mai tsiya. "Kai mijin nan nawa, tun ba haƙori ka fara cin rawanin mutane?"

Na jiƙa bakin zanena na goge mai. Shuɗin ya fita, dasashi ja wur, yana ta ɓangala mini dariya. Duk da haka hankalina bai gama kwanciya ba.

"To, wanda ya haɗiye fa?" na tambayi Buzuwar.

Ta share hawayen dariya. "Shi ma za ki gan shi gobe, a bayan zanenki."