Ranar da farfaɗiya ta sa na tsallake benci

Ina sabuwar nas a wani ƙaramin asibiti a Ƙofar Kibo, zamanin mulkin soja, farfaɗiya ta kayar da wata mai ciki a layin awo. Wallahi har ni na tsallake benci, wai kar yawunta ya taɓa ni.

Babbar sistarmu ta durƙusa ta kwantar da ita ta gefe.

Uwar mijin matar ta ce, "Sista, iskoki ne. Mun hana ta magani saboda cikin."

"Hajiya, iskokin nan maganin suke tsoro. In ta faɗa murhu, mutum biyu kin rasa."

Likita ya mayar da ita kan magani, ta haihu lafiya.

Har yau a unguwarmu ana ɓoye ciwon nan. Ku a unguwarku an daina?