Gaisuwar da ta ci aikin kocinmu

Ƙwallo na kan layi, ƙafata na kanta, rafali ya ɗaga hannu yana ƙirgawa da yatsu, sai na ji murya a bayana: "Kai, ɗan gidan aminina, kai ne nan?" Wallahi ko zan manta komai na zaman Dubai, ban da wannan yammacin.

Ƙwallon ɗaki muke bugawa, biyar-biyar, a wani sito a Al Quoz da aka mayar filin wasa. A nan ba a jifa da hannu. In ƙwallo ta fita, ka ajiye ta a layi ka buga cikin sakan huɗu, in ka wuce ta koma hannun abokan karawa. Kocinmu ya nanata mana wannan har muryarsa ta dishe. Bakano ne, ya yi shekaru yana buga irin wannan ƙwallon, da rana yana lodin kaya, har gwiwa ta ajiye shi. Da ƙyar kwalejinmu ta ɗauke shi gwajin shekara ɗaya, kuma an gaya masa in ba mu tsallake wasan nan ba, shi ke nan, babu sabon kwantiragi. Bizarsa kuma a jikin aikin take.

Ana biyu da biyu, saura kiris a tashi. Mai maganar kuwa Alhajin da ya sauke ni a gidansa a Abu Hail lokacin da na zo, kuma 'yan kallo taku ɗaya ne tsakaninsu da layi. To ya zan yi? Jikina ne ya rusuna da kansa. Na ce Baba ina wuni, ya ce ya karatu, ya mutanen gida, ya zafin garin. Koci na can yana ihun yalla, yalla, wato yi maza da Larabci. Ina cikin amsawa usur ya tashi. Wani ɗan Masar cikin abokan karawa ya fizge ƙwallon, taɓawa biyu, sai ga ta a raga.

Abin haushin, Alhaji tafi ya yi. Ya ɗauka mu ne muka ci.

Koci bai zage ni ba, da ya zaga ma da ya fi min sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "To, ya mutanen gidan? Suna lafiya dai ko?"

Aikin ya tafi. Wata biyu yana yawo da takardu cikin rana kafin wata kwaleji a Sharjah ta ɗauke shi. Da muka haɗu da sabuwar ƙungiyarsa shekarar da ta biyo, ina zuwa layi na ga ya zaunar da wani dattijo mai hula daidai wurin. Ban ɗaga kai ba, na buga abata. Bayan an tashi na je na durƙusa ina ba dattijon haƙuri, ashe direban motarsu ne, ko Hausa ba ya ji. Koci har da riƙe ciki.

Na dai koyi cewa in abincin wani na ƙarƙashin ƙafarka, gaisuwa ta jira. Alhaji kuwa har yau yabona yake wajen babana, wai yaro mai tarbiyya. Ku fa, tsakaninku da Allah, aminin babanku ya kira ku rafali na ƙirgawa, za ku iya yin kamar ba ku ji ba?