Jar tuta bisa ruwan Goronyo

Shekarun baya, lokacin da madatsar ruwa ta Goronyo ba ta daɗe da cika ba, wani abu ya faru da ni wanda ban taɓa ba da labarinsa ba sai a gutsure. Yanzu da tsufa ya kama ni, na ga ya wajaba in rubuta shi cikakke, saboda masu tuƙa jirage da masu shiga cikinsu.

A lokacin ina zaune Wurno, ina karantar da fiƙihu a zauren gidana. Allah Ya sa mutane sun yarda da ni, ko in ce Ya jarrabe ni da yardarsu. Rabon gado a zo gare ni, rikicin iyakar gona a zo gare ni, har wanda albasarsa ta ruɓe a rumbu yakan biyo ya ji ko akwai abin da zan ce. Ni kuwa na saba da ba da amsa har na fara jin kunyar barin tambaya ta koma hannu wofi. Sai in gyara rawani, in yi gyaran murya, in samo wani abu.

Wata rana saƙo ya iso cewa ƙanen matata ya nutse a madatsa. Manomi ne, ya ɗauko buhunan albasa cikin kwalekwale zai ƙetare, iska ta taso, jirgin ya kife. Mutum biyu sunka tsira, shi bai fito ba. Masunta sunka yi kwana biyu suna nutso ba su same shi ba, domin wanga ruwa ba gulbin Rima da sunka gada ba ne. Yana da zurfi, kuma a ƙarƙashinsa akwai itatuwa da tsofaffin gonaki da ya shanye. Sai anka kawo wasu baƙi biyu masu nutso da tukunyar iska a baya, waɗanda ke iya daɗewa a ƙasan ruwa.

A rana ta uku da hantsi na isa gaɓa, da likkafani naɗe cikin jakata. Na bar matata gida ba ta iya haɗiye ko ruwa. Abu guda ne a zuciyata, a same shi a binne shi cikin gaggawa, domin na sha karantar da cewa ba a jinkirta mamaci.

Wanda zai kai ni wurin da ake neman gawar abokina ne, Basarke, wato daga zuriyar masunta, tare munka yi karatun allo kafin ya koma sana'ar iyayensa. Yana cikin na farko da sunka sa wa jirginsu inji. Ya dube ni da babbar rigata ya girgiza kai.

"Malam, zamna tsakiya ka riƙe katako. Nan ba zaurenka na ba. In ka miƙe tsaye za ka yi man wa'azi, kihi za su ji ƙarshenai."

Na ce, "Kai dai tuƙa. Mutumin da ya gudu makaranta bai kai izu biyu ba."

"Na gudu. Amma yau wa ka biɗar wani?"

Munka ɗan murmusa, sannan munka tuna abin da ya kawo mu, abokina ya tada inji.

Bayan mun yi nisa sai munka hango wani ƙaramin jirgi tsaye, da mutum guda a ciki. Can gefensa, tazarar da ba ta kai jifa ba, akwai wani abu kamar gora yana iyo, an kafa masa tuta ja, da farin layi da ya ratsa ta a karkace. Abokina ya rage wuta.

Ya ce, "Malam, waccan tuta mi anka nuhi da ita? Ban taɓa ganin irinta bisa ruwa ba."

Ni ma ban taɓa gani ba. Wannan ita ce gaskiya, kuma ita ce amsar da ta wajaba a kaina. Amma na tashi a garin da tuta ke da tarihi, kuma duk tutar da na sani, a littafi ko a bakin dattawa, ana ɗaga ta ne domin jama'a su taru a ƙarƙashinta. Cikin ƙiftawar ido na gina ƙiyasi a kan haka, na kuma ji daɗin gininsa.

Na ce, "Sun same shi. Alama ce sunka sa domin mu matso."

A daidai nan mutumin da ke cikin ƙaramin jirgin ya miƙe yana kaɗa hannuwa biyu, bakinsa na motsi, ƙarar inji ba ta bari mu ji shi ba.

Abokina ya ce, "Wancan awa korarmu shi kai."

"Kiranmu shi kai."

"To bari in kashe inji mu ƙarasa da hilahili. Raina bai kwanta ba."

Na ce, "Mamaci ya kwana ukku cikin ruwa, kai kana zancen hilahili. Ƙara wuta."

Ya dube ni. Mutum ne da ya yi shekara arba'in bisa ruwa, ni kuwa ban iya iyo ba. Amma ni ne Malam. Ya ƙara wuta, ya miƙe jirgin sosai zuwa tutar.

Na ga kumfa na ɓulɓulowa gabanmu, na ɗauka kifi ne. Sai jirgin ya yi karo da wani abu ta ƙasa, injin ya yi wata irin ƙara ya mutu. Da na waiga baya, ruwan da munka ratsa ya sauya launi.

Mai nutso ne. Yana tasowa ne yana bin igiyar tutarsa, wurin da ya ɗauka ya fi ko'ina aminci a gare shi, farfelar injinmu ta same shi a hannun dama. Ɗan'uwansa, mutumin nan na cikin ƙaramin jirgi, ya faɗa ruwa ya tallabo shi, munka jawo shi cikin jirginmu. Da anka cire masa gilashin fuska na ga magidanci ne da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Yana kiran sunan Yesu a hankali, sannan ya daina magana. Abin da na gani daga kafaɗarsa zuwa ƙasa ba zan siffanta shi ba.

Babu tsumma mai tsabta a jirgin. Na buɗe jakata na fito da likkafanin, abokina ya yage shi da wuƙa, munka ɗaure hannun da ƙarfi sama da raunin. Ɗan'uwan mai nutson yana danne da shi yana kuka yana tambayarmu, "Ba ku ga tuta ba? Ba ku gan ni ba?" Da filafili munka koma gaɓa, kuma ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba.

A gaɓa jama'a sunka taru, 'yan sanda sunka zo, anka tambayi wa ya tuƙa. Abokina ya ce, "Ni na." Bai ƙara harafi ba, bai kuma dubi inda nake ba. Anka tafi da shi. Ina tsaye da jini a hannun rigata, mutane na yi mini sannu, suna cewa Allah Ya saka wa Malam da ya ba da likkafani. Na karɓi sannun.

Washegari gawar ƙanen matata ta taso da kanta ta wajen Shinaka, masunta sunka tsamo ta. Gaggawar da na yi ba ta kusanto da binne shi da ko sa'a guda ba. Ni na yi masa salla. Ina ɗaga hannu ina kabbara, ina jin ƙarar injin nan a kunnena. Daga maƙabarta ban koma gida ba, na wuce wurin 'yan sanda na faɗi yadda anka yi, cewa mai jirgi ya so ya tsaya, ni na hana shi. Bayan 'yan kwanaki anka sake shi.

Mai nutson ya rayu, amma likitoci a Sakkwato sun yanke hannun. Na yi mako biyu ina shirya kalmomin da zan faɗa masa, da na isa bakin gadonsa sai duk sunka gudu. Mutumin bakin Binuwai ne, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma nutso ne kaɗai sana'ar da ya iya. Ɗan'uwansa ya gaya masa ko ni wane ne.

Mai nutson ya ce, "Baba, na ji injinku tun daga nesa. A ƙasan ruwa kana jin ƙara, amma ba ka sanin ta inda take zuwa. Iskata ta kusa ƙarewa, dole in hau. Na ce a raina, ai tuta tana sama."

Na ce, "Ɗana, mun gan ta."

"To me ya faru?"

"An tambaye ni ma'anarta. Ban sani ba, kuma ban ce ban sani ba."

Na roƙe shi gafara. Ya ce zai yi ƙoƙari, amma kada in matsa masa a ranar. Ban matsa ba. Abin da shari'a ta ɗora mini game da shi na sauke gwargwadon ikona, amma hannu ba ya dawowa. Da zan fita, ɗan'uwansa ya ciro tutar daga jaka ya miƙo mini.

Ya ce, "Mu mun faɗa wa mutum biyu-uku a gaɓa, ba wanda ya kai maganar ko'ina. Kai ake saurare a nan. Mun ga yadda ake saurarenka."

Tun daga wannan shekara tutar take cikin gafakata tare da littattafai. Na kai ta mashigan jirage na Goronyo, na kai ta Rabah, na ɗaga ta bayan sallar Juma'a a ƙauyukan da ke bakin ruwa. Abin da nake faɗa kaɗan ne. Idan ka ga wagga tuta, akwai ɗan Adam a ƙarƙashinta yana numfashi. Ka rage wuta tun daga nesa, ka kewaye ta da tazara mai yawa. Idan dole ne ka matso, ka kashe inji ka ɗauki filafili, idonka na kan kumfa. Idan ka ga wata alama bisa ruwa da ba ka sani ba, ka tsaya har ka sani, ko da wanda ke cikin jirginka mai rawani ne yana cewa ka wuce. Wasu masunta sun ɗauki abin, sukan ɗaura jan ƙyalle a gora idan za su nutsa kwance taru. Wasu kuwa sun saurara ne saboda girmana, sun tashi sun manta.

Na karanta tun ina saurayi cewa manyan malamai ba su jin nauyin cewa ba su sani ba, na kuma karantar da haka sau da yawa da murya mai daɗi. Ban fahimce shi ba sai da na ga abin da amsata ta yi wa jikin wani. Yanzu ɗalibaina sun san cewa nakan ce ban sani ba sau da yawa, har wasunsu na zaton tsufa ne.

Abokina ya sayar da injin ya koma filafili. Bai taɓa zargina ba, ko da wasa. Yana zuwa suna da ta'aziyya a gidana, yana aiko wa iyalina kifi, muna gaisawa yadda munka saba. Abu guda ne ya sauya. Daga ranar bai sake yi mini tambaya ba, ko ta alwala. Idan wata mas'ala ta dame shi, sai ya wuce ƙofar zaurena ya tafi wurin wani malami a ƙarshen gari, wanda a hannuna ya yi karatu. Na yi shekaru ina sa ran wata rana zai tsaya ya ce, "Malam, mi anka ce game da kaza?" Har na wanke shi da hannuna na sa shi a likkafani, bai tsaya ba.